Na-Sama da Muryar da Ke Yankewa

Ranar da ya fara zuwa gidanmu wurin Yaya, hular kwano ce rataye a gwiwar hannunsa, tafukansa duk kanta, ga wani ƙaton bel mai ƙugiyoyi a kafaɗa. Mahaifiyarmu ta leƙa ta taga ta ce, "Wannan zance ya zo ko gyaran wuta?"

Aikinsa hawa ƙarfen sabis ne, dogayen turakun nan da ake ɗaura wa eriyar waya a ƙoli. Abokan aikinsa ne suka sa masa Na-Sama, domin duk wanda ya zo nemansa amsa ɗaya yake samu: yana sama. Sunan ya bi shi har gidan aure. 'Ya'yansa ma idan aka tambaye su sunan babansu na gaskiya sai sun ɗan yi tunani. Ni kuwa Mijin Yaya nake ce masa, shi yana ce mini Auta, kuma tun ranar farko ba mu raga wa juna ba.

Mutum ne mai gaggawa. Da sauri yake tafiya, da sauri yake cin abinci, da sauri yake magana har kalmomi su riƙa hawa kan juna. Yaya takan ce ko gaisuwa yake yi sai ka ɗauka mota ce za ta tashi ta bar shi. Amma a bakin aiki ba a taɓa samunsa da ha'inci ba. Wayar da ya ɗaure, sai dai tsufa ya kwance ta.

Ciwon ya shigo masa ta gefe. Ya fara da kaɓe kofin shayi idan an ajiye a gefen hannunsa, sai ya ce laifin mai ajiyewa ne. Daga nan ya koma bugun ƙofar mota da kafaɗa. Yaya ta yi ta fama ya je asibiti, yana cewa gajiya ce. Sai da wata rana yana can ƙoli ya miƙa hannu zai kama ƙarfen da ya saba kamawa ya damƙi iska, bel ɗinsa ne ya riƙe shi yana lilo, sannan ya yarda. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya riga ya cinye jijiyar da yawa. Magani zai rage gudun abin, amma abin da ya tafi ya tafi.

Ya sauko ke nan. Ganinsa ya yi ta tsukewa, kamar mai leƙe ta bututu, har ya zama haske kawai yake bambancewa da duhu. Ya koma zaman falo a kan kujera ɗaya, kusa da taga, rediyo a cinya amma ba ya kunnawa. Mutumin da ba ya iya zama ya gama shan ruwa, sai ga shi ya wuni bai motsa ba. Kuma kowa a gidan kalma ɗaya ya koya: a hankali. Zai tashi, a hankali. Zai shiga banɗaki, a hankali. Wata rana na ce masa haka zai sauka daga dakali, ya juyo inda muryata take ya ce, "Auta, idan kika sake faɗa mini wannan kalmar, sai na mayar wa mahaifiyarku ke da yayarki gaba ɗaya." Dariya muka yi, amma muryarsa ba ta dariya ba ce.

Yaya ce ta gaji. Ba mace ce mai yawan lallashi ba. Ta ji labarin wani ɗakin karatu na ƙungiyar makafi, inda ake naɗar littattafai da murya ana aika wa mutane ta waya. Ta ce masa ya shirya za su asibiti, ta kai shi can, ta zaunar da shi gaban shugabar wurin, ta ce za ta shiga kasuwa ta dawo.

Shugabar, wadda kowa yake kira Malama, da makanta aka haife ta. Gajeriyar mace ce mai kaifin harshe. Ta tambaye shi aikin da ya iya, ya ce da can yana hawa ƙarfe.

"Ban tambaye ka da can ba," in ji ta. "Kan naka ma ya makance ne?"

Ta tura masa kwamfuta, ta maƙala masa abin ji a kunne, ta kunna manhajar da ke karanta duk abin da ke kan allo da murya. Ya dawo gida yana faɗa, ya ce matar nan ba ta da ladabi. Washegari tun kafin Yaya ta gama shirya yara ya sa takalmi.

Da ya kama abin, sai gaggawarsa ta samu wurin zuwa. Ya riƙa ƙara wa muryar kwamfutar sauri har ta zama idan na ɗauki abin jin na sa a kunne, ba na jin komai sai kamar tsuntsaye suna faɗa. Shi kuwa yana fahimtar kowace kalma. Ya riga ya san waya da eriya da hannunsa. Yanzu ya shiga koyon abin da ke gudana a cikinsu. Mutumin da ke kula musu da babbar kwamfutar da littattafan suke ciki, wadda suke kira saba, ya samu aiki a wani gari ya tafi. Malama ba ta nemi kowa ba. Ta miƙa wa Na-Sama makullin ɗakin sabar ta ce, "Idan ta lalace, kai za ka yi wa mutane bayani."

Ɗakin da can sito ne. Ba taga, sai fanka ɗaya mai ƙara da tebur da kujerar da ƙafarta ɗaya ta gaza sauran, an tokare ta da kwali. Wayoyin da ke bayan sabar ya yi wa kowace alama: wannan ƙulli ɗaya na zare, waccan biyu, wata roba ya naɗa mata. Ba ya kunna fitila, don haka duk mai idon da ya shiga sai ya yi tuntuɓe, shi kuma ya ce masa daga cikin duhu, "A hankali." Daɗin faɗar wannan yake ji ba kaɗan ba.

Shi ya jawo ni wurin. Ya ce tunda Allah ya hore mini surutu, gara a amfana da shi. Bayan na tashi daga aikina nakan je in shiga wani ɗan akurki da aka lulluɓe bangonsa da tsofaffin barguna, in karanta littafi ana naɗa. Haka muryata ta shiga gidajen da ban taɓa takawa ba.

Cikin masu sauraro akwai wani dattijo, tela ne da ciwon suga ya ɗauke wa gani. Can ƙarshen gari yake, inda gidaje suka fara yin nesa da juna. Shi ne ya fara kawo ƙara. Ya bugo waya ya ce yarinyar nan mai karatu tana da murya mai daɗi, amma me ya sa take tsayawa a tsakiyar magana kamar wadda ta ƙware?

Na-Sama ya tare ni a ƙofa. "Auta, an kawo ƙararki. An ce kina haɗiye rabin littafi."

"Ni? Ka kunna ka ji."

Ya kunna a ofis, karatu ya tafi sumul. Ya kunna a wayarsa, haka. Ya ce wa Baba Tela wataƙila wayarsa ce ta tsufa. Sai ga wata mata daga wani ƙauye da irin wannan ƙorafi, sai ga wani malamin makaranta mai ritaya. Duk mutanen nesa ne. Ya roƙi Baba Tela ya kira shi da wayar surukarsa, ya kara ta kusa da tasa, ya kunna littafin. Na-Sama ya zauna yana sauraro, kansa a sunkuye. Da aka jima ya fara buga yatsa a tebur, kuma duk inda yatsan ya sauka, nan muryata take yankewa.

"Ba haka kawai take yi ba," ya ce. "Tana da lokacinta."

Ya canza wayoyi. Ya kashe sabar ya kunna. Ya kira kamfanin da ke ba su intanet ya yi musu tatas, ya ce layinsu ruɓaɓɓe ne. Suka turo wata injiniya, mace mai sanyin magana wadda ba ta ɗauki zafin ba. Ta gwada layin ta ce lafiya lau yake. Maimakon ta tattara kayanta ta tafi, sai ta jawo kujera ta ce ya kunna mata abin da ya ji. Ta saurara, sannan ta ce, "Kai kana sauraron inda take yankewa. Mu duba abin da sabar take yi kafin nan, lokacin da ba ta aika komai."

Suka wuni a kai, ita tana kallon allo, shi yana sauraron lambobi. Da na fito daga akurkina na tarar da shi yana zagaye ɗan ɗakin, hannunsa yana shafar bango.

"Zauna in gaya miki, Auta. Ba laifinki ba ne, abin takaici."

Ya ce saba ba ta aika littafi gaba ɗaya. Yayyanka shi take ƙunshi-ƙunshi, ƙanana. Kuma ba ta san faɗin hanyar da ke tsakaninta da wayar mai sauraro ba, ba ta san ko akwai cunkoso ba. Saboda haka sai ta fara da kaɗan, kamar ƙunshi goma, ta jira wayar ta ce sun iso. Idan sun iso lafiya ta ninka. Suka sake isa, ta sake ninkawa. Haka har sai wani ƙunshi ya ɓace a hanya, ta gane ta cika wurin, ta ja baya.

"To ai wannan hankali ne," na ce.

"Tsaya ki ji sauran. Wayar Baba Tela takan karɓi guntun karatu, ta yi shiru tana kunna masa. Ba ta neman wani sai wannan ya kusa ƙarewa. Wannan ɗan shirun, sai saba ta ce abin da na sani game da hanyar nan ya tsufa, wa ya sani ko wasu sun shigo sun cika ta? Ta watsar da duk abin da ta koya, ta koma goma. Kowane guntu, daga farko. Na cikin gari amsar wayarsa nan take take dawowa, ninkin ba ya ɗaukar lokaci, bai ma san an yi ba. Baba Tela kuwa kowace tafiya da dawowa sai an jima. Kafin guntu na gaba ya gama isa, na hannunsa ya ƙare. Nan kike ƙwarewa."

Injiniya ta ce da gangan aka gina ta haka, kuma akwai dalili. Shi ma ya san dalilin. Ya ce kamar shi ne da barandar ofis: idan yanzu ya bi ta, yana iya komawa da sauri, idan ya jima a zaune, dole ya fara da sanda, don mai shara yana iya ajiye bokiti. Ya faɗi haka, sannan ya yi tsaki.

"Amma ita ko numfashi ɗaya aka yi sai ta ɗauki sanda. Tsoro ya yi mata yawa."

Injiniya ta nuna masa wurin da ake kashe wannan ɗabi'a. Layi ɗaya ne, a mayar da ɗaya sifili. Da ta ɗauki jakarta ta ce, "Masu manyan layuka da yawa suna kashewa kuma yana yi musu kyau. Amma mutanenka ba duka ke kan babban layi ba. Ka gwada da mutum biyu ko uku tukuna."

Ya ce to. Ƙarar takalminta ba ta gama ɓacewa a baranda ba ya kashe wa kowa da kowa.

Da farko abin ya yi kamar an dace. Na cikin gari suka ce littafi yana buɗewa kamar walƙiya. Ya dawo gida yana fito, ya ce wa Yaya yau ya yi wa inji tiyatar tsoro. Bai kira Baba Tela ba. Ya ce bari dattijon ya kira da kansa ya yi godiya.

Wanda ya kira daban ne. Akwai makarantar kwana ta makafi da ke amfani da littattafan ƙungiyar, ɗalibai da yawa a kan layin intanet ɗaya siriri, kuma suna dab da jarrabawa. Da yamma, lokacin bitar karatu, kowa ya kunna nasa. Sabar, da yake yanzu ba ta mantuwa, ta riƙe faɗin da ta auna da rana lokacin da layin ba kowa. Duk wayar da ta nemi guntu sai ta juye mata tulin ƙunshi a lokaci guda. Ɗan akwatin intanet na makarantar ya cika ya riƙa zubarwa. Abin da ya zube sai an jira an sake aikowa, wanda aka sake aikowa ya tarar da wani tulin a gabansa. Da can murya takan ɗan tsaya ta ci gaba. Yanzu ta tsaya cak. Shugaban makarantar ya kira Malama ya ce yaransa sun zauna jugum da wayoyi a hannu, wasu har da kuka.

Ina wurin da safe lokacin da Malama ta shigo ɗakin sabar. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"An ce ka gwada da mutum biyu?"

"An ce."

"Ka gwada da nawa?"

Ba ta jira amsa ba.

"Na-Sama, mai ido idan littafi ya ƙi buɗewa a waya sai ya ɗauko na takarda. Yaran nan ba su da na takarda. Kai ka fi kowa sanin haka." Ta juya za ta fita, ta ƙara da cewa, "Baba Tela ma ya kira. Ya ce ya haƙura da littafin, kada ya riƙa damun mutane."

Nan take ya mayar da sifilin ɗaya. Ya kira makarantar da kansa ya ba da haƙuri, ya sa aka kwafe musu littattafan jarrabawa a kan ƙananan katunan da ake sa wa waya aka kai musu a hannu. Amma jikinsa ya yi sanyi. Kwanaki ba tsokana, ba fito. Ya koma kujerar nan ta bakin taga idan ya dawo gida, abin da ya tayar wa Yaya da hankali fiye da komai. Ta ajiye masa abinci ta tsaya a kansa.

"Wai kai da injin nan faɗa kuke yi?"

"Na ɓata wa yara karatu."

"Ka ɓata, ka gyara. Shi tsohon fa? An bar shi ke nan?"

"Na kunna ba daɗi, na kashe ba daɗi. Me zan ce masa?"

"Ban sani ba, ni ba injiniya ba ce. Amma tun da ake maganar mutumin nan ban ji ka ce ka je gidansa ba. Da can idan eriya ta ƙi aiki, daga ƙasa kake tsayawa kana zaginta?"

Ranar hutu ya ce in raka shi. Muka shiga motar haya har inda kwalta ta ƙare, muka ƙarasa a ƙafa, hannunsa a kafaɗata, sandarsa tana ƙwanƙwasar duwatsu. Shagon Baba Tela ɗaki ne a gaban gida. Keken ɗinki biyu: ɗaya surukar Baba Tela tana kai tana taka shi, ɗayan an rufe da zane. Ƙyallaye ko'ina a ƙasa, almakashi rataye a ƙusa, warin man keke da sabon yadi. Dattijon yana zaune a benci, siriri, tsaf da shi, tef ɗin awo har yanzu a wuyansa. Wayarsa kuwa an soke ta a tsakanin ƙarafan taga, don nan ne kawai sabis yake kamawa.

Da na yi sallama ya ɗaga kai. "Wannan ai muryar littafina ce! 'Yata, ashe ke mutum ce." Ya sa aka kawo mana ruwa, ya kama hannun Na-Sama ya shafa tafin. "Wannan hannun ba na ofis ba ne, ɗana."

Na-Sama ya ba shi labarin ƙarfe. Dattijon ya ba shi labarin yadda ya fara kasa zura zare a allura, yana ɓoyewa, yana cewa allurar zamani ce ba ta da ƙofa. Suka yi ta dariya irin wadda ni da surukar ba mu da rabo a cikinta. Sai da aka jima Na-Sama ya ce a kunna littafin. Muryata ta fito daga taga, ta yi tafiya, ta tsaya a tsakiyar jimla. Surukar ma ta ɗaga ƙafa daga keke, kamar tare aka ɗaure su.

"Ka gani?" in ji dattijon. "Tare muke ji da ita. Idan ya yanke, ɗinkin ma sai ya tsaya."

"Baba, so nake in sa ya riƙa zuwa da sauri. Na gwada, abin ya ƙi."

"Sauri? Wa ya ce maka sauri nake nema? Ina za ni?" Ya gyara zama. "Idan na danna, ko zan sha ruwa in dawo kafin ta fara, ban damu ba. Amma idan ta fara, a bar ta ta kai aya. Mutum yana tsaka da jin abin da matar nan za ta ce wa mijinta, sai a toshe mata baki. Wannan ne ke cin rai."

Na dubi Na-Sama. Lissafi yake yi. Ya ce a ba shi wayar, ya tsaya a bakin taga da ita, ya matsar da ita nan da can yana sauraron abin da take faɗa masa game da ƙarfin sabis. Ya tambayi lokutan da abin ya fi tsanani. Surukar ta ce da yamma, idan mutanen unguwa sun dawo kowa ya kama waya. A hanyar komawa, da muka hau mota, ya ce mini, "Ni na ɗauka kowa irina ne."

Wannan karon bai yi shi kaɗai ba. Ya kira Injiniya ya gaya mata abin da ya aikata ba tare da ya rage komai ba. Ta ce ba shi ne na farko ba, ita ma ta taɓa durƙusar da wani ofis sukutum da irin wannan. Ta nuna masa yadda ake sa saba ta riƙa sakin ƙunshi ɗaya bayan ɗaya da 'yar tazara, maimakon ta juye su a lokaci guda, ta yadda ko ta tuna faɗin hanya ba za ta shaƙe ƙaramin akwati ba. Sannan ya nemo wanda ya rubuta musu manhajar sauraron, wani malamin kwaleji da ke yi musu kyauta a lokacin hutunsa. Ya roƙe shi ya sa wayar ta riƙa tara karatu mai yawa kafin ta fara, kuma ta nemi guntu na gaba tun na hannu yana da sauran tsawo. Malamin ya ce mutane za su yi ƙorafin jira a farko. Na-Sama ya ce a sa maɓalli, wanda yake nesa ya zaɓa da kansa.

Aikin ya ja makonni, don malamin yana da ɗalibansa. Na-Sama ya yi ta cin tuwon haƙurin da bai saba ba, yana kiran mutumin har sai da Malama ta ƙwace wayar ofis ta kulle a durowa. Da aka gama, Baba Tela aka fara ba, da matar nan ta ƙauye. Bayan su aji ɗaya a makarantar kwana, kuma ranar Na-Sama da kansa ya je ya zauna a bayan ajin lokacin bita, yana jin muryoyi daban-daban suna tashi daga wayoyi ba wadda ta tsaya. Sai da Malama ta gwada da kunnenta ta ce to, sannan aka sakar wa kowa.

Ba a ce an rabu da matsala gaba ɗaya ba. Idan hadari ya taso, sabis ɗin ƙarshen gari ɗaukewa yake yi ɗungurungum, kuma wannan ba abin da saba za ta iya. Wasu na cikin gari sun danna maɓallin nesa bisa kuskure suka kira suna faɗa. Amma Baba Tela ya gama littafinsa, ya nemi wani, ya nemi wani, har ya zama shi ke aiko mini da gyara: wai ina saurin wuce wurin baƙin ciki, in riƙa ba mutane damar jin zafin.

Na-Sama yana nan a ɗakin sabar har yau. Ɗan hasken da ya rage masa ya tafi bara, kuma bai gaya wa kowa ba sai da Yaya ta lura ya daina juya fuska wajen taga. Ya yi ƙiba. Shi kaɗai yake zuwa aiki, direbobin layin duk sun san shi. Yanzu rigimarsa da Malama a kan ta samo saba ta biyu ce da za a ajiye kusa da mutanen nesa, ita kuma tana cewa ya fara samo mata wanda zai gyara rufin ɗakin naɗar murya.

Kwanan baya surukar Baba Tela ta zo ofis da ƙunshi a leda. Riga ce. Ta ce ita ta yanka, amma dattijon ya rantse shi zai ɗinka, ya sa aka yaye zanen da ke kan kekensa, ta zura masa zare, ya bi gefen yadin da yatsa. Awon kuwa tun ranar da muka je ya ɗauka, lokacin da ya dafa kafaɗar Na-Sama suna sallama. Yadin ma shi ya zaɓa, da hannu, don ya fi sauran laushi.

Ruwan ɗorawa ne mai ihu, da manyan furanni shuɗɗa. Hannun hagu ya ɗara na dama tsawo, aljihun kuma ya ɗan karkace. Da Na-Sama ya sa ta a gida Yaya ta riƙe baki.

"Yaya take?" ya tambaya, yana shafa ɗinkin wuyan.

"Kamar labulen ɗakin amarya," in ji Yaya.

"Auta, ke fa?"

"Mijin Yaya, ko mota ba za ta buge ka ba. Daga nesa za a hango ka."

Ya bi ɗinkin kafaɗa da yatsa tun daga wuya har ƙasa, ya juya bakin rigar ya taɓa cikin. "Ku ba ku san aiki ba," ya ce. "Ku taɓa nan ku ji. Ko zare ɗaya bai tsallake ba." Ya naɗe hannun hagun sau ɗaya ya daidaita da na dama, ya ce wa Yaya ta goge masa ita, da ita zai je aiki gobe.